Murmushin waye wannan? Fashin baƙi a kan motsa tsofaffin hotuna da ƙirƙirarriyar basira

Idan ka ɗauki hoton mamaci guda ɗaya tak, ka loda shi a wata manhaja, bayan minti biyu ya dawo maka yana ƙyafta ido, yana juya kai, har da murmushi, wa kake kallo? Shi ne, ko wani ne ya ari fuskarsa? Kuma wannan motsin, daga ina na'urar ta samo shi, alhali ba ta taɓa ganin mutumin yana numfashi ba?

Tambayar da ta hana zauren danginmu na WhatsApp sakat ke nan har kwana uku. Hoton kakanmu ɗaya ne a duniya, baƙi da fari, an ɗauke shi a wani situdiyo a Sabon Garin Zariya cikin shekarun 1970, bayan ya dawo aikin hajji. Yana zaune a kujera, hannuwa bisa gwiwa, baki a rufe, fuska a ɗaure irin zaman da dattawan wancan zamani ke yi gaban kyamara, sai ka ce alƙali zai yanke hukunci. Wani ɗan yayana da ke jami'a ya ɗauki hoton da waya, ya saka a manhaja, ya jefo mana bidiyo na daƙiƙa biyar da daddare. Sai ga Malam ya ɗago kai, ya dubi mai kallo ido cikin ido, ya washe baki.

Gwaggo ce ta fara turo saƙon murya, tana kuka tana salati: "Baba ne, wallahi Baba ne. Allah Ya jiƙanka, Baba." Baffa bai ce uffan ba sai da gari ya waye. Shi ma murya ya turo, a natse: "Yaya, ki sake dubawa. Baba yana da wushirya, kuma yana da haƙorin Makka a gefen dama. Ina suke? Waɗannan haƙora reras kamar na mai tallan man goge baki, na waye?"

Kafin a gane inda gaskiyar kowannensu ta tsaya, sai an leƙa cikin tukunyar an ga abin da ake dafawa.

## Ayyuka uku da ake kira da suna ɗaya

Mutane kan ce "an yi wa hoton AI" su tsaya nan, kamar abu ɗaya ne. Ita AI ɗin, wato ƙirƙirarriyar basira da ake magana a kai, manhajar kwamfuta ce da aka nuna wa misalai masu ɗimbin yawa, har ta iya ƙiyasta abin da ya kamata ya biyo baya. Ba aljani a ciki, ba ta kuma san kakan kowa ba. Gwanar kintace ce kawai.

A kan hoto, aiki uku take yi. Akwai gyara, wato share tsagewa da tabon ruwa, ƙara haske, sa wa baƙi da fari launi. Akwai motsawa, wato mayar da hoton da ke tsaye ya zama gajeren bidiyo, wanda shi ne batunmu. Sai kuma sa magana, inda ake haɗa wa hoton murya, leɓuna su riƙa bin kalmomin. Galibin manhajojin yanzu suna yin ukun a jere ba tare da sun faɗa maka ba: su fara "gyara" fuskar, sannan su motsa ta, sannan su yi maka tayin sa mata baki. Shi ya sa wani lokaci tun kafin motsin ya fara, mutumin da ke cikin hoton ya riga ya ɗan sauya kama.

## Yadda na'ura ke samo motsin

Hanya biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci.

Ta farko ita ce ta aro kai tsaye. Ana ɗaukar bidiyon wani mutum mai rai yana juya kai, yana ƙyafta ido, yana murmushi. Manhajar ta sa alamomi a muhimman wurare a fuskarsa, kamar gefen ido, tsinin hanci, kusurwar baki da haɓa, ta nemo irin waɗannan wurare a tsohon hoton, sannan ta riƙa jan fuskar hoton tana bin motsin wancan mai ran. Kamar mai wasan 'yar tsana ne: tsanar ce ake gani, hannun wani ne ke ciki. Wannan hanyar ce kamfanin binciken asalin dangi na MyHeritage ya yi amfani da ita a watan Fabrairun 2021, lokacin da ya fito da Deep Nostalgia da fasahar wani kamfanin Isra'ila mai suna D-ID. Cikin 'yan makonni aka motsa miliyoyin hotuna. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, jerin motsin ƙayyadaddu ne, an ɗauke su tun farko daga mutane masu rai. Wato kakar wani a Landan da kakan wani a Kano suna iya yin murmushi iri ɗaya sak, da karkata kai iri ɗaya, domin daga fuskar baƙo ɗaya aka aro musu.

Ta biyu ita ce ta yanzu, wadda Kling, Runway, Luma, Veo na Google da ire-irensu ke bi. Nan babu wani mutum guda da ake kwaikwayo. An ciyar da manhajar da bidiyoyi marasa adadi, ta koyi yadda riga ke kaɗawa in iska ta buso, yadda kumatu ke tashi in an yi dariya, yadda inuwa ke bin mai tafiya. In ka ba ta hoto, sai ta riƙe shi a matsayin mafari, ta shiga ƙera abin da zai biyo baya. Takan fara ne daga ɗigo-ɗigo marasa ma'ana, irin yayyafin da tsohuwar talabijin ke yi in ba ta kama tasha ba, ta riƙa tace su mataki-mataki har siffa ta fito, kamar yadda gari ke bayyana sannu a hankali in hazon hunturu yana washewa.

Ga lissafin da nake so mai karatu ya riƙe. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kuma a ƙa'idar fim 24 ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. Bidiyon daƙiƙa biyar ke nan hotuna 120. A cikin 120 ɗin nan na Malam, ɗaya ne kawai kyamara ta taɓa ɗauka a Zariya. Sauran 119 na'ura ce ta zana su, bisa kintacen abin da yawancin mutane ke yi in sun ɗago kai sun yi murmushi.

Shi ya sa haƙoran suka ɓata. A hoton asali bakin a rufe yake. Na'urar ba ta da hanyar sanin akwai wushirya ko haƙorin Makka a bayan leɓunan, don haka ta ɗauko matsakaicin haƙoran da ta saba gani ta dasa masa. Haka take yi da duk abin da hoton ya ɓoye: ɗaya kunnen, ƙeya, tafin hannu, abin da ke bayan kujera.

## Me ya sa abin ya ɓarke a 'yan shekarun nan

Ba jiya aka fara ba. A 2019 masu bincike a cibiyar Samsung da ke Mosko sun sa shahararren zanen nan na Mona Lisa yana motsa baki, duniya ta yi ta mamaki. Amma a lokacin sai ƙwararre mai babbar kwamfuta. Abin da ya sauya shi ne shekarar 2024, inda cikin 'yan watanni kamfanonin Amurka da na Sin suka yi ta rige-rigen sakin manhajojin da ke motsa hoto gaba ɗayansa, ba fuska kaɗai ba. A watan Yunin shekarar kamfanin Kuaishou na Sin ya fito da Kling, Luma ma ya fito da nasa. Daga nan yayin runguma ya shigo, inda ake haɗa hoton rayayye da na mamaci su rungumi juna. A watan Mayun 2025 Google ya fito da Veo 3 mai haɗa bidiyo da sauti lokaci guda, bayan wata biyu kuma ya saka motsa hoto a cikin manhajojinsa na waya.

Aikin ba a cikin wayarka ake yin sa ba. Hoton yakan tafi manyan kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa, a sarrafa shi can, a dawo maka da sakamakon. Shi ya sa ko ƙaramar waya mai ɗan data tana iya yi, kuma shi ya sa yaro ɗan sakandare ke yin abin da a da sai kamfanin fim.

## Motsin da aka aro daga wata al'ada

Nan ne, a ganina, maganar Baffa ta fi ƙarfi, kuma ta wuce batun haƙori.

Na'ura tana mayar da abin da ta ci ne. Mafi yawan hotuna da bidiyoyin da ke intanet, waɗanda aka horar da manhajojin da su, ba na mutanenmu ba ne. An ga misalin haka ƙarara a 2020, lokacin da wani ya saka dusasshen hoton Barack Obama a wata manhajar ƙara wa hoto kyau mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka yi. Abin da ya fito Bature ne fari sol. Manhajojin sun inganta ƙwarai tun daga lokacin, amma ɗabi'ar jan kowace fuska zuwa ga abin da aka fi gani tana nan.

Gwada da hoton tsohuwa mai tsagar gado, ko zube ne ko kalangu ko bille. Sau da yawa matakin "gyara" yakan ɗauki tsagar a matsayin ƙarcewar takarda, ya shafe ta ko ya dusashe ta. Ita kuwa wannan tsaga ita ce takardar shaidar asalin tsohuwar, da ita ake sanin gidan da ta fito. Aikin wuyan babbar riga, aska biyu ko aska takwas, yakan narke ya koma wani zane da babu maɗinkin da ya taɓa yin sa. Rawani yakan koma wani abu tsakanin hula da tawul. Carbi yakan ƙaru ko ya ragu a hannu.

Motsin kansa ma baƙo ne. Matar da a rayuwarta ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli baƙon namiji ba, wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa saboda kara, sai ka gan ta a bidiyo tana kallon kyamara tana dariya har da jefa kai baya. Dattijon da 'ya'yansa ke durƙusawa su gaishe shi daga nesa, sai ga shi ya rungumo babbar 'yarsa yana bubbuga mata baya. Ba wai hakan mugun abu ba ne a karan kansa. Ba shi ba ne kawai. Hausawa sun riga sun gama maganar: kama da wane ba ta wane.

Sardauna da Tafawa Balewa suna da fina-finai da muryoyi na gaskiya a ajiye, in an ƙirƙiro musu motsi akwai abin da za a gwada da shi. Kakana da kakanka ba su da wannan gatan. Abin da kawai ke tsaye tsakaninsu da sauya kama shi ne tunanin waɗanda suka rayu da su, su kuwa kullum raguwa suke yi.

## Abin da yake yi wa tunani

Wani zai ce ai kowa ya san wasa ne. To, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta riƙe takardar gargaɗi yadda take riƙe hoto.

A 2002 wasu masana halayyar ɗan Adam, Kimberley Wade da abokan aikinta, suka yi wani gwaji a New Zealand. Sun karɓi hotunan yarinta na mutum 20 daga danginsu, suka haɗa wa kowa hoton bogi da ke nuna shi yana ƙarami cikin kwandon balan-balan mai tashi sama, abin da dangin suka tabbatar bai taɓa faruwa ba. Bayan hira uku, rabinsu sun fara "tuna" tafiyar, gaba ɗaya ko wani sashe nata. Hoto ne fa a tsaye, wanda aka haɗa da fasahar sama da shekara 20 da suka wuce. Ina ga mai motsi, wanda mutum zai kalla sau talatin cikin dare yana hawaye?

Na ga ɗan ƙaramin misalin haka a gidanmu. Wata jikar Gwaggo, 'yar shekara bakwai, wadda aka haifa shekaru da yawa bayan rasuwar Malam, ta ce da ni: "Kawu, ashe Malam mai fara'a ne, na gan shi yana ta dariya." Malam mutum ne mai kirki da kyauta, amma duk wanda ya zauna da shi zai gaya maka dariyarsa ba ta wuce ya rufe baki da gefen rawani kafaɗunsa su motsa. Wannan yarinya kuwa Malam ɗin da za ta girma da shi a zuci shi ne na daƙiƙa biyar ɗin nan.

## Masu so da masu ƙi

Ba zan raina hawayen Gwaggo ba. Wanda bai taɓa rasa iyaye ba ne zai yi wa mai neman ko da inuwarsu dariya. A watan Yunin 2025 Alexis Ohanian, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa dandalin Reddit, ya motsa wani hotonsa yana yaro marigayiya mahaifiyarsa tana rungume da shi, ya ce ba su da bidiyonta tare da shi, kuma ya yi ta maimaita kallonsa. Dubban mutane suka ce sun fahimce shi, wasu dubbai suka ce yana gurɓata wa kansa ainihin abin da yake tunawa. A Arizona ta Amurka, a watan Mayun 2025, dangin wani mutum mai suna Chris Pelkey da aka harbe a 2021 sun kai abin har kotu: suka haɗa hotonsa da muryarsa, "ya" yi wa wanda ya kashe shi jawabi a zaman yanke hukunci. Kalmomin 'yar'uwarsa ce ta rubuta su.

A ɗaya ɓangaren akwai iyalan da abin ya zame wa azaba. A watan Oktoban 2025 Zelda, 'yar ɗan wasan barkwancin Amurka Robin Williams wanda ya rasu a 2014, ta fito ta roƙi mutane su daina turo mata bidiyoyin mahaifinta na ƙirƙira. A wannan watan ne kuma kamfanin OpenAI ya dakatar da ƙirƙirar bidiyon Martin Luther King, marigayi ɗan fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, a manhajarsa ta Sora, bayan iyalinsa sun koka kan bidiyoyin cin mutunci da ake yi da fuskarsa. Mamaci ba ya iya cewa a'a, kuma a gida ɗaya ma ba lallai bakin magada ya zo ɗaya ba, kamar yadda namu bai zo ba.

Ga Musulmi akwai wata tambayar a kan wannan. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, cewa masu yin surori za a ce musu ranar alƙiyama su rayar da abin da suka halitta. Da kyamara ta zo, malamai sun rabu. Wasu, irin su Shaihu Ibn Baz, sun tsaya a kan hani sai da lalura kamar fasfo da katin shaida. Wasu, irin su tsohon muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, sun halatta, bisa hujjar cewa hoton kyamara kama inuwa ne kawai, kamar madubi, mai ɗauka bai ƙaga siffar kowa ba. Abin lura shi ne wannan hujjar ta dace da hoto na ɗaya, amma sauran 119 ba inuwar kowa ba ce, ƙaga su aka yi. Hukunci na malamai ne, ba nawa ba. Abin da nake cewa shi ne duk wanda zai kai musu tambayar ya kai ta daidai: ba "hoto mai motsi" kamar bidiyon biki ba ne, siffa ce da na'ura ta zana ta jingina wa mutum.

## Inda abin ke cizo

Na farko damfara. Manhajojin banki da na lamuni da yawa, in za ka buɗe asusu, sukan ce ka kalli kyamara, ka ƙyafta ido, ka juya kai, ka buɗe baki, don su tabbatar mutum ne mai rai ba hoto ba. To waɗannan motsin su ne ainihin abin da manhajar motsa hoto ta fi ƙwarewa a kai. A 2021 masu gabatar da ƙara a birnin Shanghai na Sin sun gurfanar da wasu mutum biyu da suka riƙa sayen hotunan mutane, suna motsa su, suna yaudarar na'urar tantance fuska ta hukumar haraji, har suka fitar da rasitan haraji na bogi da darajarsu ta kai yuwan (kuɗin Sin) miliyan 500. Kamfanoni sun ƙara tsaro tun daga nan, ɓarayi ma sun ƙara wayo. Wanda ke tura hoton fasfonsa da lambar NIN ga duk wanda ya ce ana rabon tallafi, ya san abin da yake miƙawa.

Na biyu mata, kuma a wurinmu wannan ne ya fi muni. Hoto ɗaya na kamu ko na walimar sauka ya isa a sa yarinya tana rawar da ba ta yi ba, ko tana sumbatar wanda ba ta taɓa gani ba, ko abin da ya fi haka. A garin da magana ɗaya ke fasa aure bayan an kai lefe, kafin a tabbatar bogi ne an riga an gama da ita. Saurayin da aka ƙi, kishiya, abokiyar faɗa a makaranta, duk yanzu suna da makamin da bai fi kuɗin katin waya ba. Iyaye da mazaje su ne ya kamata su fara sanin wannan fasaha, domin su ne ke yanke hukunci cikin fushi.

Na uku siyasa da tarihi. Gab da zaɓen Indonesiya na Fabrairun 2024, wani jigo a jam'iyyar Golkar ya yaɗa bidiyon tsohon shugaban ƙasar Suharto, wanda ya rasu tun 2008, yana kiran jama'a su zaɓi jam'iyyar. A Indiya ma, a farkon shekarar, jam'iyyar DMK ta "tayar" da jagoranta Karunanidhi da ya rasu a 2018 ya yi jawabi a taruka. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a hango ranar da za a ga Malam Aminu Kano ko wani babban malami da ya rasu yana ɗaga hannun ɗan takara, ga zaɓen 2027 na tafe. Tun kafin wannan fasaha ma ana yawo da wani hoto ana cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, ita kuwa hanyar ɗaukar hoto ba ta fito wa duniya ba sai 1839 a Faransa. Ƙaryar da ke tsaye ta sha mutane, balle ta fara ƙyafta ido.

Akwai kuma wata illar da ta juya baya. In kowa ya san ana iya ƙirƙirar bidiyo, sai mai laifin da aka kama dumu-dumu ya ce ai AI ne. Mun ɗanɗana irin wannan ruɗani tun 2018, lokacin da jita-jitar Jibrin na Sudan ta yi ƙarfin da sai da marigayi Shugaba Buhari ya fito a Poland ya ce shi ne da kansa. A da mukan ce gani ya kori ji. Yanzu ganin ma sai an tambaye shi wa ya aiko shi.

## Amfanin da ke ciki, da kuɗin da ba a faɗa

Amfani akwai shi. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta a Instagram tana iya mayar da hoton kayanta ɗan tallan da a da sai ta ɗauki mai kyamara. Malamin makaranta yana iya motsa zanen yadda jini ke zagaya jiki. Masu shirya fim na iya gwada yadda fage zai kasance kafin su kashe kuɗin fita. Sai dai mai talla ta kula: in na'ura ta sa yadin yana sheƙi yana zuba kamar siliki alhali ba haka yake ba, ranar da kaya suka isa hannun mai saye za a yi ta.

Batun "kyauta" kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Kowane bidiyo yana cin wuta da aikin kwamfutoci masu tsada, dole wani ya biya. Yawanci sukan ba ka gwaji kaɗan da tambarinsu a jiki, sannan su nemi kuɗin wata-wata da dala, wasu kuma su ci gaba da cira daga katinka bayan kwanakin gwaji sun ƙare. Ƙananan manhajojin da ba a san masu su ba, waɗanda ke cika waya da talla, su ne abin tsoro, domin hoton da ka loda ya bar hannunka, kuma sharuɗɗan da ka danna "na yarda" ba ka karanta ba suna iya ba su damar ajiye shi ko horar da na'urarsu da shi. Hoton kaka da ta rasu wani abu ne, hoton matar aure ko na 'yar wani da ba a tambaye ta ba wani abu ne daban.

## Doka, tambari, da abin da ido zai iya kamawa

Ƙasashe sun fara motsi. A watan Mayun 2025 Amurka ta kafa dokar da ta haramta yaɗa hotunan tsiraici na mutum ba da yardarsa ba, har da na ƙirƙira, ta kuma wajabta wa dandamali cire su cikin awa 48 in an kai ƙorafi. Sin ta wajabta sa alama a kan duk abin da na'ura ta ƙirƙira daga 1 ga Satumban 2025. Tarayyar Turai ma ta sa sharaɗin bayyanawa a dokarta ta ƙirƙirarriyar basira. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, wadda ta taɓo sojan gona, da dokar kare bayanan sirri ta 2023. Wanda aka yi wa ƙazafi da irin wannan bidiyo ya adana shi da lambar da ta turo kafin a goge, domin da su ake kai ƙara.

Manyan kamfanoni suna sa tambari a kusurwar bidiyo, Google kuma yana dasa wata ɓoyayyiyar alama mai suna SynthID. Amma tambarin kusurwa yanke shi ake yi, bidiyon da ya bi ta waya goma a WhatsApp kuma ya riga ya zubar da yawancin bayanan asalinsa.

Ido yana iya kama wasu abubuwa har yanzu. Dubi yatsu, dubi rubutun da ke jikin riga ko allo ko bango, wanda kan rikiɗe ya koma shirme. Dubi zanen hula ko yana sauyawa in kai ya juya, dubi mutanen da ke baya ko fuskokinsu na narkewa. Yawancin irin waɗannan bidiyoyi ba sa wuce daƙiƙa biyar zuwa goma ba tare da an yanka ba. Sai dai kowace sabuwar manhaja tana toshe ɗaya daga cikin waɗannan ɓaraka, don haka kada a dogara da su. Abin da ya fi aiki shi ne a ɗauki hoton allo na farkon bidiyon a bincika shi da manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa sai tsohon hoton da aka motsa ya fito, da shekararsa da inda aka ɗauke shi.

Mu dai a gidanmu ba a kai ga matsaya ɗaya ba. Baffa ya sa an cire bidiyon daga zauren, ya kuma sa an kai hoton asali an yi masa sikanin mai kyau ba tare da wani gyara ba, aka rubuta sunan Malam da garin da shekarun a ƙasa, aka raba wa kowa. Ya kuma zaunar da ɗan yayan nawa, ya ce maimakon wannan, ya zo da wayar tasa ranar Juma'a ya naɗi muryar Gwaggo tana ba da labarin mahaifinsu, tun tana da ƙarfin yi. An yi zama biyu zuwa yanzu, a na biyun ne ma ta kwaikwayi dariyar tasa, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

Bidiyon kuwa yana nan a wayarta. Ta ce ta ji, ta yarda ba haƙoransa ba ne, amma kada wanda ya taɓa mata shi.